Shin darussan lambu da dashen itatuwa na lokacin bazara sun cancanci kuɗi da lokacin mutum?

Tambaya: Ina da fili kusan rabin hekta a bayan Bukuru, a kan gangare yake, kuma ruwa ya fara yanka shi ta gefe guda. Bara na dasa mangwaro da fiya da lemo, amma kafin damina ta zagayo mafi yawansu sun bushe. Yanzu ina ganin sanarwar laccoci da kwasa-kwasai kan noman lambu da dashen itatuwa da kare ƙasa, daga Maris zuwa Mayu, wasu kyauta, wasu da kuɗi, wasu kuma ta intanet. Shin in halarta? Idan zan halarta, yaya zan gane mai amfani?

Amsa: Malam, ka halarta, amma ka zaɓa da kyau, domin waɗannan tarurruka ba darajarsu ɗaya ba. Lokacin dai ya yi daidai, tun da a Jos ruwa yakan fara sauka cikin Afrilu, ya kankama a Mayu da Yuni, ya yi ƙarfi sosai a Yuli da Agusta, sannan ya janye cikin Oktoba. Duk aikin da ke sa dashe ya rayu, wato auna gangare, tona ramuka, tanadin taki, da yin odar iri, kafin ruwa ya zauna ake yin sa, saboda haka wanda ya koya a Maris zai yi aiki da abin da ya koya a wannan shekarar, wanda kuwa ya koya a Agusta sai ya jira baɗi. Abin da zan ba ka shawara ka duba shi ne ko darasin zai fitar da ku daga zaure ya kai ku gona, da kuma ko mai koyarwar ya fara da ruwa da ƙasa kafin ya zo kan itace. Bisa ga abin da ka bayyana, matsalarka ta farko ita ce ruwan da ke gudu a kan filin, kuma duk kwas ɗin da bai taɓa wannan ba zai bar ka inda kake.

Jos tana da tsayin kusan mita 1,200 daga teku, kuma ruwan da take samu a shekara yana kai kimanin milimita 1,400, mafi yawansa cikin watanni biyar ko shida. Wannan ruwa ne mai yawa, yana kuma zuwa da ƙarfi, wani lokaci har da ƙanƙara, a kan ƙasar da ta sha rani kuma aka ƙone ciyawarta. Ruwan farko na Afrilu shi ya fi yin ɓarna, domin yana tarar da fili tsirara, sai ya kwashe ƙasar sama mai albarka ya bar tsakuwa da marmara. A yankin Bukuru da Barikin Ladi akwai ƙarin matsala, wato haƙar kuza da aka yi tun farkon ƙarni na 20, wadda ta birkice ƙasa ta bar tsibin jar ƙasa da kududdufai. Wasu filayen da ake sayarwa a can tsohon wurin haƙa ne da aka baje, kuma ƙasarsu ba ta da abincin shuka sosai, ga tsami, ga tauri idan ta bushe. Malamin da ya san aikinsa zai tambaye ka tarihin filin kafin ya ce maka ga abin da za ka shuka, kuma idan ya ji akwai tarin yashin wankin kuza a kusa zai gargaɗe ka kada ka yi amfani da shi a lambu.

Abu na farko da nake so kowane ɗalibi ya iya da hannunsa shi ne fitar da layin da ya kwanta daidai a kan gangare, wanda babu gefen da ya fi wani tudu. Ba a buƙatar na'ura mai tsada. Sanduna biyu ne masu tsayin mita 2, a haɗa kawunansu a ɗaure, a gitta ta uku a tsakiya, sannan a rataya igiya daga sama da dutse a ƙarshenta. Ana kafa ƙafafun biyu a ƙasa a yi alama inda igiyar ta taɓa sandar tsakiya, a juya ƙafafun kowace ta koma gurbin 'yar'uwarta a sake yin alama, to tsakiyar alamomin nan biyu shi ne ma'auni. Daga nan duk inda aka kafa ƙafafun igiya ta faɗa kan wannan tsakiya, wuraren biyu tsayinsu ɗaya, sai a buga turke a ci gaba har ƙarshen fili. Mutum zai iya sauraron bayanin wannan na awa guda ya fita bai iya ba, amma idan aka ba shi sandunan ya bi gangare sau ɗaya, ya iya ke nan har abada. Dalilin da ya sa nake cewa gani ya kori ji a wannan fanni ke nan.

A kan waɗannan layuka ake jera duwatsu, ko a ɗaga kunya, ko a dasa ciyawar jema. Duwatsu dai Allah ya hore mana su a Filato, kuma aikin ba baƙo ba ne, domin mutanen duwatsu irin su Kofyar sun daɗe suna gina matakala da dutse a gonakinsu, suna kuma ɗaure kunyoyi don ruwa ya tsaya ya nutse, kamar yadda Birom suka daɗe suna kewaye gonaki da shingen ƙerana. Jema kuwa ana raba tushenta a dasa a jere, tazarar santimita 10 zuwa 15, kuma idan ta haɗe takan zama shinge mai tace ƙasa ya bar ruwa ya wuce a hankali, ga saiwarta tana nutsawa mita 2 ko fiye. Game da wurin da ruwa ya riga ya yanka, kuskuren da aka fi yi shi ne zuba shara da ɓaraguzai a cikin ramin, alhali ruwan da ya haƙa shi yana nan zuwa daga sama. Daga sama ake fara magani: a rage gudun ruwan kafin ya iso, a kwantar da bakin ramin a dasa masa ciyawa, sannan a gitta ƙananan shingaye na dutse a cikinsa, tsakiyarsu ta fi gefe ƙasa, don ruwa ya bi ta kai maimakon ya ci gefe. Idan kwazazzabon ya kai zurfin da ya wuce tsayin mutum, ya fi ƙarfin mai fili shi kaɗai, sai a haɗu da maƙwabta a kai kuka ga ma'aikatar muhalli ta jiha. Akwai shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 700 a Disambar 2021 domin jihohin Arewa 19 da Abuja, kuma gyaran ƙasar da ta lalace yana cikin aikinsa, kamar yadda shirin NEWMAP da ya gabace shi ya yi aikin zaizayar ƙasa.

Akwai wani abu da nake yawan gani a laccocin nan, wato ɗauko dabarar da ta yi nasara a wani wuri a kawo ta nan ba tare da an duba yanayi ba. Za ka ji ana yaba ramukan tassa da rabin wata, waɗanda suka farfaɗo da ƙasar da ta mutu a Nijar da Burkina Faso, kuma gaskiya ne sun yi aiki, har Yacouba Sawadogo, wani manomi ɗan Burkina Faso, ya sami lambar yabo ta duniya a 2018 saboda su. Amma an tsara su ne domin wuraren da ruwansu bai kai rabin namu ba, inda burin manomi shi ne ya kama kowane ɗigo. A Jos, cikin Agusta, ramin da ke tara ruwa a gindin fiya ko lemo zai ruɓar da saiwa cikin 'yan makonni, musamman a ƙasa mai laka. Haka ma shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, jihohi 11 na bakin hamada ya shafa a Najeriya, kuma Filato ba ta cikinsu, domin mu matsalarmu ta fi karkata ga ruwa mai gudu da sare itace don gawayi. Laccocin intanet na Turai da Amurka kuwa, ana ƙaruwa da su wajen fahimtar yadda ake haɗa taki ko yanke rassa, amma kalandarsu ta ƙasar da dusar ƙanƙara ke narkewa ce a Maris, kuma yawancin irin tuffar da suke ambata yana buƙatar sanyin da ko hunturun Jos bai kai shi ba. Mai son tuffa a nan sai ya nemi iri mai ƙarancin buƙatar sanyi, kamar wanda ake kira Anna.

Dabarar da nake ganin ta dace da mu daga Nijar ita ce sassaben zamani, wadda Tony Rinaudo, wani masanin aikin gona ɗan Ostareliya, ya fara yaɗawa tare da manoman yankin Maraɗi a 1983, kuma aka ƙiyasta ta mayar da itatuwa a kan kusan hekta miliyan 5. Ba dashe ake yi ba. Kututturen da ke tohowa a gona duk shekara ana sare shi, shi ake bari, a zaɓi rassa biyu zuwa biyar masu ƙarfi a yanke sauran, a riƙa gyara su har su zama bishiya. Tun da saiwar ta riga ta nutse, ba ya buƙatar ban ruwa, kuma yana jure rani fiye da duk wani dashe na leda. Kafin ka sa a share filinka, ka zagaya shi da wani dattijon unguwar ya nuna maka tohon ɗorawa ko kaɗanya ko malmo ko atili, domin mai yiwuwa kana da itatuwa a ƙarƙashin ƙasa da ba ka sani ba.

Yanzu sai mu zo kan itatuwan da suka mutu maka. Ban ga filin ba, amma dalilan mutuwar dashe a nan ba su da yawa, kuma kusan kullum su ne dai: an dasa a makare, an dasa a ƙaramin rami, gara ta ci, awaki sun ci, wuta ta cinye, ko kuma ba a ba da ruwa da rani ba. Dashen da aka yi a ƙarshen Agusta ko Satumba, kamar yadda ake yawan yi a bukukuwan dashe, bai fi mako shida na ruwa yake samu ba kafin iskar hunturu ta taso. Lokacin da ya dace shi ne bayan ruwa ya zauna, daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuli, kuma kada ruwan farko na Afrilu ya ruɗe ka, domin sau da yawa yakan ɗauke na mako biyu ko uku. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, kuma malami nagari zai nuna muku yadda ake karanta abin da ya shafi ƙaramar hukumarku.

Rami na itacen marmari ya zama santimita 60 a faɗi, 60 a tsawo, 60 a zurfi, a tona shi tun bazara, a ware ƙasar sama gefe guda, ta ƙasa gefe guda. Ƙasar sama ake gaurayawa da ruɓaɓɓen taki a mayar ciki, ba ɗanyen kashin shanu ko na kaji ba, wanda ke ƙona saiwa yana kuma kiran gara. Wajen sayen dashe, manyan nan da suka daɗe a leda har saiwarsu ta nannaɗe ko ta huda ta shiga ƙasa, su ne masu ɗaukar ido, kuma su ne suka fi mutuwa. Ka nemi mai tsayin santimita 30 zuwa 45, mai kaurin fensir, kuma idan ɗan aure ne, wato wanda aka haɗa reshen iri mai kyau a kan wani tushe, ka duba gaɓar auren da idonka ka tabbata ta warke. A yage ledar a cire ta gaba ɗaya, kada a binne gaɓar auren, kuma duk tohon da ya fito ƙasa da ita a cire shi, in ba haka ba uwar za ta rinjayi amaryar, bayan shekaru ka tarar da mangwaro mai zare a inda ka biya kuɗin mai aure. Ɗan aure yakan fara 'ya'ya cikin shekara 3 zuwa 4, na ƙwallo kuwa yakan kai 6 ko fiye. Mangwaro yana son tazarar mita 10, fiya 8 zuwa 10, lemo 6 zuwa 7, abin da ke nufin rabin hekta ba zai ɗauki mangwaro fiye da 50 ba ko da ba a shuka komai tare da shi ba. Idan kwas ɗin ya haɗa da koyon aure da wuƙa a hannu, wannan kaɗai ya isa ya biya kuɗinsa, domin sana'a ce da mutum zai ci abinci da ita.

Lissafin da ba a cika yi wa mutane a lacca ba shi ne na rani. Daga Nuwamba zuwa Afrilu, ƙaramin dashe yana buƙatar kamar jarka ɗaya mai lita 20 sau ɗaya ko biyu a mako. Idan ka dasa 50, kana maganar jarka 100 a mako lokacin da zafi ya tsananta, ban da kuɗin kewaye kowane ɗaya da ƙaya ko waya saboda dabbobin da ake saki bayan girbi, ban da share faɗin mita 2 zuwa 3 a kewayen fili cikin Oktoba saboda gobara. Saboda haka shawarata ita ce ka dasa iya adadin da za ka iya shayarwa, ko da 15 ne, ka ƙara wasu baɗi. Shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindi tana rage yawan ban ruwa sosai, amma a bar tazarar tafin hannu tsakaninta da jikin itacen saboda gara.

Za a yi maka tallar itacen turare, domin yana girma da sauri kuma ana samun kuɗin sandunansa. Tarihinsa a nan ya samo asali ne daga ƙoƙarin gyara wuraren haƙar kuza, inda aka dasa shi da yawa a kan ƙasar da aka baje, kuma ya rufe wuraren ya ba da itacen girki. Sai dai binciken da aka yi daga baya a kan waɗannan filaye ya nuna bai gyara ƙasar yadda za ta koma gona ba, har ma yana ƙara mata tsami, yayin da gawo ya fi shi inganta ta. Gawo yana zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, saboda haka ba ya yi wa amfanin gona inuwa, ga shi yana ƙara wa ƙasa taki. Ban ce kada a dasa turare sam ba, amma wurinsa shi ne gefen da ba a nomawa, nesa da rijiya da lambu da katangar maƙwabci.

Ɓangaren lambu ya fi sauƙin samun malamai, tun da Jos gidan kabeji da karas da latas da koren wake ce, ga dankalin Turawa a Bokkos da Mangu, ga kuma tashar binciken dankali a Kuru. Abubuwa uku nake so ka saurara ko za a ambata. Na ɗaya, dankalin Turawa da tumatir da tattasai da gauta dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya, don haka ba a bin ɗaya da ɗaya a fangali guda. Na biyu, tokar bola da masu lambun cikin gari suka daɗe suna amfani da ita tana rage tsamin ƙasa, amma bolar yau cike take da batir da leda da kwalabe, saboda haka tokar murhu da takin da ka haɗa da kanka sun fi aminci, kuma yawan zuba yuriya shekara da shekaru yana ƙara tsamin ne. Na uku, kowane maganin feshi yana da adadin kwanakin da za a jira kafin a girbe, an rubuta a jikin kwalbar tare da lambar NAFDAC. Malamin da ya ce a haɗa magani uku a tanki ɗaya a ninka awo don ya fi ƙarfi, ka tashi ka bar masa zauren.

Game da inda za a nema, Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke Jos, wadda aka kafa a 1958 kuma take ƙarƙashin cibiyar binciken gandun daji ta Ibadan, ita ce wurin farko da zan tura mai tambaya kan itatuwa da renon dashe. A Kuru akwai Kwalejin Fasahar Albarkatun Ƙasa ta Tarayya, wadda fanninta ke nan na ƙasa da kiyaye ta, kuma a can ko a Jami'ar Jos za ka tambayi yadda za a gwada maka ƙasar filinka. Malaman gona na hukumar bunƙasa aikin gona ta Jihar Filato, PADP, su ma aikinsu ne su zo gona su duba. Tarurrukan da ake shiryawa a ranar gandun daji ta duniya, 21 ga Maris, ko ranar muhalli, 5 ga Yuni, ko ranar yaƙi da kwararowar hamada, 17 ga Yuni, galibi jawabai ne da rabon dashe, amfaninsu shi ne za ka haɗu da ma'aikatan da za ka nema daga baya, ka karɓi lambarsu.

Idan kwas ɗin na kuɗi ne, kafin ka biya ka roƙi mai shirya shi ya nuna maka itatuwan da shi ko ɗalibansa suka dasa shekara uku da suka wuce, ka tambaye shi nawa aka dasa, nawa suka rage. Lokacin zuwa ma shi ne cikin Maris, kafin ruwa ya rufe asirin kowa da ciyawa. Ka tambayi yawan ɗalibai, domin mutum 60 ba za su koyi aure da wuƙa ɗaya ba, ka kuma tambaya ko za a sake haɗuwa bayan an yi dashe, tun da tambayoyin gaske a Yuli da Janairu suke tasowa. Ba laifi ba ne mai koyarwa ya kasance yana sayar da dashe ko taki, yawancin gwanayen ma masu gandun reno ne, amma ka lura ko duk matsalar da aka kawo masa maganinta yana cikin shagonsa. Takardar shaida kuwa, sai idan aiki kake nema da ita, ba na ganin dalilin ƙara kuɗi saboda ita.

Na ɗauka filin naka ne, saye ko gado. Idan na aro ne ko haya ko jingina, ka zauna da mai shi a gaban shaidu a rubuta wanda zai mallaki itatuwan kafin ka tona rami ko ɗaya, domin a wurare da yawa ana ɗaukar dasa itace a matsayin da'awar mallakar fili, kuma an sha tumɓuke dashen mutane saboda wannan. Idan naka ne, to bana ka fara da auna gangaren da jera duwatsu cikin Maris da Afrilu, ka tona ramuka cikin Afrilu, ka dasa jema da itatuwa cikin Yuni, ka bar lambu ya tsaya a 'yan fangaloli kusa da inda kake samun ruwa har sai ka ga yadda ruwan Agusta ya bi layukan da ka yi.